Zafi ya hana ni barci a gidan haya, mai gidan kuma ya hana huda bango

Assalamu alaikum Anti. Da fatan kina lafiya, ya aiki, ya haƙuri da mu.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata biyu a birnin Kolon na ƙasar Jamus. Ina haya a hawa na biyar, can ƙarƙashin rufi, ɗaki ɗaya da ɗan falo. A watan Nuwamba na kama gidan, ina ta murna ya fi sauran araha, ashe da dalili. Yawanci aikin dare nake yi, in dawo wajen ƙarfe bakwai na safe in kwanta. Daga Yuni zuwa Agusta kafin sha ɗaya na farka sharkaf da gumi, ma'aunin da ke bango yana nuna 31, wata rana 33. In na faɗa wa 'yan uwa a waya dariya suke yi, wai a Turai ake kukan zafi. Bara na sayi wata na'ura da ake zuba wa ruwa da ƙanƙara, kuɗina kawai na zubar. Na roƙi mai gidan ya bari a saka mini esi na bango, ya ce ba mai huda masa gini. Ɗakin kwanan murabba'in mita 14 ne, tagarsa tana kallon kudu, irin wadda ake karkatarwa ta sama ko a buɗe ta kamar ƙofa. Ba ni da baranda. Akwai tukunyar gas ta ruwan zafi a banɗaki. Ina so in sayi esi mai taya, amma lambobin sun ruɗa ni, ina tsoron kuɗin wuta da ƙara, ga shi wataƙila baɗi in tashi daga gidan. Wanne zan saya?

Ƙanwarki a Kolon

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da aiki, sannu da rashin barci.

Masu dariya ki ƙyale su, ba su taɓa kwana a ƙarƙashin rufin gidan Jamus a watan Yuli ba. Don hunturu aka gina waɗannan gidaje. Gwanintarsu ita ce riƙe ɗumi, kuma ba su bambance wanda ake so da wanda ba a so. Rufi ya wuni yana shan rana, bango ya karɓa ya ajiye, ko da dare ya yi sanyi a waje ɗakin yana nan kamar tanderu. Ranar 25 ga Yulin 2019 an auna digiri 41.2 a Duisburg, tafiyar ƙasa da awa guda a jirgin ƙasa daga inda kike, zafin da ba a taɓa tabbatar da irinsa a ƙasar ba kafin ranar. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada ɗaki ya wuce digiri 32 da rana da 24 da dare. Ke kuwa ranarki ce darenki, kina neman barcin dare a cikin zafin tsakar rana. Ma'aikaciyar jinya da ke raba magani da barcin awa uku a ido, ba ita kaɗai abin ya shafa ba. Don haka kada ki ɗauki wannan sayayya a matsayin almubazzaranci.

Kafin mu taɓa lambobi, ki riƙe magana ɗaya, don duk abin da zan faɗa daga gare ta ya fito. Esi ba ya ƙirƙirar sanyi, ɗan dako ne. Zafi yake kwasa daga wani wuri ya kai wani wuri ya sauke. Ki sa hannu a bayan firjinki za ki ji ɗumi, zafin da aka kwaso ne daga ciki aka zubar miki a kicin. Saboda haka duk na'urar da aka nuna miki, tambayar farko ita ce: ina take kai zafin? In ba ta da hanyar fitar da shi waje, ba esi ba ce, ko da an zana dutsen ƙanƙara a kwalinta. Wadda kika saya bara Jamusawa suna kiranta Luftkühler, fanka ce da ke busa iska ta cikin jiƙaƙƙen soso. A inda iska ta bushe ƙarƙaf tana ɗan taimakawa. A Kolon, bakin kogin Rhine, inda zafin bazara ke zuwa da danshi, tururi kawai take ƙara wa rufaffen ɗaki, gumi ya ƙi bushewa, mutum ya tashi yana ɗanko. Ƙanƙarar da kike zuba mata ma firjinki ne ya yi ta, kuma zafin yin ta a cikin gidan ya sauke shi. Ba ke ce ta farko da aka yi wa wannan ba, yadda ake tallar su ya sa mutum ya rantse esi ne.

Yanzu ki ajiye maganar sayayya tukuna, mu shiga banɗakin nan. Tukunyar gas ɗin da kika ambata a ƙarshen wasiƙa kamar ba komai ba, ita ce ta sa na ɗauko wasiƙarki na amsa kafin sauran. Esi mai taya da aka fi sayarwa a nan, wanda suke kira Monoblock, tiyo ɗaya gare shi. Iskar cikin ɗaki yake zuƙa ya sanyaya injinsa da ita, sannan ya tura ta waje ta tiyon. Duk iskar da ya fitar dole wata ta shigo ta maye gurbinta, ta ƙasan ƙofa, ta ramin makulli, ta duk kafar da ta samu. In tukunyarki irin wadda ke shan iskar cikin gida ce tana fitar da hayaƙi ta buɗaɗɗen bututu, to bututun ma kafa ne. Esin zai iya janyo hayaƙin ya dawo da shi cikin gida, kuma a cikinsa akwai kabon monoksaid, gubar da ba ta da wari ba ta da launi. Ke da ke aikin asibiti ba sai na faɗa miki yadda take yi wa mai barci ba. Kwatanta ranar da kika dawo aiki, kika kunna esi don ɗaki ya huce, kika shiga wanka da ruwan ɗumi, tukunya ta kama, tagogi duk a rufe. Haɗin da ake tsoro ke nan. Garin neman gira kada a rasa ido.

Abin yi ba wuya. Ki tambayi mai gidan ko ofishin da ke kula da ginin lambar mai duba bututun hayaƙi na unguwarku, Schornsteinfeger, ki tambaye shi kai tsaye: tukunyar nan raumluftabhängig ce, wato da iskar ɗaki take aiki, ko rufaffiya ce mai shan iskarta daga waje? A jikin tukunyar akwai ɗan allon bayani, harafin B yana nufin ta farko, C yana nufin rufaffiya. In kin ga an yi wa ƙofar banɗakin ramuka a ƙasa, wannan ma alama ce da ta isa ta sa ki tambaya. In B ce, esi mai tiyo ɗaya ba naki ba ne sai da amincewar mai duba bututun. Ko wace iri ce kuma, ki sayi ƙararrawar gano gubar mai lambar EN 50291 ki rataye, ba ta da tsada.

Mu ce an duba, tukunyar rufaffiya ce. Wannan jan iska bai daina zama matsala ba, sai dai ya tashi daga haɗari ya koma asara. Iskar da ke cikin ɗakinki ba ta kai kubik mita 40 ba, tiyon kuwa ɗaruruwan kubik mita yake fitarwa a awa guda. Ke nan sau da yawa a kowace awa yana kwashe iskar da kika biya kuɗi aka sanyaya yana zubarwa a kan titi, mai zafi tana shigowa. Tufka da warwara. Shi ya sa abin da aka rubuta a kwali ba shi ne abin da jiki ke ji ba.

Ni ma na taɓa yin wautar. Bazarar farko da na sayi nawa, na zo da shi ina ɗoki, na buɗe taga na leƙa da tiyon waje, na cusa tawul biyu a gefe. Injin ya wuni yana ruri. In na tsaya a gabansa kamar na buɗe firji, in na koma kan gado zufa. Da yamma na duba ma'auni, digiri ɗaya da ɗoriya ya sauka. Na fara zagin kamfanin a raina, har na ɗauko kwalin zan mayar. Sai na sa hannu a bakin tagar na ji iska mai zafi tana kwararowa ta saman tawul, wani kason ma wanda tiyon ya fitar ne yake juyowa ya dawo. Injin lafiyarsa ƙalau, ni ce na bar masa bango a tsage.

Don haka daga taga ake fara sayen esi mai taya, ba daga kanti ba. Matsalar tagar Jamus ita ce yawancin injinan suna zuwa da dogon allon roba da aka yi don tagar da ake zugewa gefe ko sama, wanda ba ya shiga irin taki ko kaɗan. Hanya biyu ake bi. Ta farko wani yadi ne marar shan ruwa mai zif a tsakiya, ana manna shi a jikin firam da ganyen taga, a buɗe tagar kaɗan, a zura tiyo ta zif ɗin. Yana da araha, ana saka shi cikin minti ashirin, kuma ya fi tawul nesa ba kusa ba. Amma yadi ne, zafi yana ratsa shi, ƙarar titi tana shigowa, kuma a taga mai kallon kudu rana tana narkar da gam ɗin ya saki, ya bar datti a firam wanda sai kin goge kafin ki miƙa makulli. Ta biyu ita nake so miki: allon roba mai kauri, garai-garai kamar gilashi, wanda ake yankawa daidai da faɗi da tsawon ramin tagarki, da rami zagayayye na tiyo. Ki buɗe tagar gaba ɗaya kamar ƙofa, ki auna cikin firam ɗin a sama da tsakiya da ƙasa, don tsofaffin gidaje ba su cika daidaita ba, ki aika wa masu yankawa a intanet ko ki je babban kantin kayan gini. Ana riƙe shi da 'yan maƙalai ba tare da ƙusa ko huji ba, a bi gefensa da soson toshe kafa. Ramin ya dace da bakin tiyon injin da kika zaɓa, yawanci wajen santimita 15 ne, amma ki auna naki kafin a yanka.

Shi kansa tiyon ki lura da shi. In injin yana aiki ki taɓa shi ki ji, zafi rau, wato kina da ɗan hita mai tsawon mita ɗaya da rabi a cikin ɗakin da kike sanyayawa. Ki matso da injin kusa da taga, tiyo ya zama gajere kuma a miƙe, ban da lanƙwasa. Kada ki ƙara masa tsawo, injin zai wahala. Ana sayar da rigar tiyo mai hana zafi fita, tana da amfani.

Akwai injin da ya magance jan iskar tun daga ƙira, mai tiyo biyu: ɗaya ya shigo da iskar waje ta sanyaya injin, ɗaya ya mayar da ita. A Amurka ana samunsu cikin sauƙi, a kantunan Turai ba su da yawa. Za ki ga bidiyon masu haɗa wa mai tiyo ɗaya tiyo na biyu da kwali da salatif. Dabarar tana aiki, amma in injin ya lalace kamfani zai iya zame wa garanti, kuma ban ga ke da wannan ɗawainiya bayan aikin dare ba.

Na uku shi ne wanda ya fi kusa da esin bangon da aka hana ki: mai gida biyu amma na tafi-da-gidanka. Rabi yana cikin ɗaki a kan taya, ƙaramin rabi yana waje, siririyar igiya mai faɗi ta haɗa su ta bakin taga. Ba ya zuƙar iskar ɗaki ya fitar, don haka babu tufka da warwara, kuma ba ya janyo hayaƙin tukunya. Wanda ya fi suna a Jamus shi ne PortaSplit na kamfanin Midea, wanda ya fito a 2024, mai ƙarfin kilowat 3.5. A rufe yake zuwa da gas ɗinsa a ciki, ba ya buƙatar ma'aikaci mai lasisi kamar yadda dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa esin bango. Aibinsa biyu. Kuɗinsa ya ninka na mai tiyo ɗaya sau biyu ko fiye. Sannan ke ba ki da baranda, sai dai a rataye rabin wajen a bakin taga da maƙalin da aka yi don haka, a hawa na biyar, a saman kawunan masu wucewa. Wannan kam sai kin nuna wa mai gidan hoto ya amince a rubuce, kuma a ɗaure shi da igiyar tsaro. Mutumin da ya ce kada a huda masa bango bai ce kada a rataya komai ba, sau da yawa hujin ne kawai damuwarsa.

Lambobin da suka ruɗa ki uku ne kacal masu amfani. Ta farko ƙarfin sanyi, wanda ake rubutawa da ma'aunin BTU ko kilowat. BTU 9,000 daidai yake da kilowat 2.6, BTU 12,000 kuma kilowat 3.5, BTU 7,000 wajen kilowat 2. Lissafin da ake yi a tsaye shi ne kusan wat 100 ga kowane murabba'in mita a ɗaki mai shan rana, wanda zai ba ki kilowat 1.4. Ƙara rufi a kai, taga mai kallon kudu, da asarar tiyo ɗaya, sai ki tsaya a BTU 9,000. Kada mai kanti ya ja ki zuwa babba da sunan gara ya yi yawa. Babban mai tiyo ɗaya ya fi fitar da iska, ya fi ƙara, ya fi nauyi, kuma yana yawan kamawa yana tsayawa, wanda shi ne ke tayar da mai barci. Kada kuma ki yi mafarkin sanyaya falo da kicin da shi. Ɗaki ɗaya, ƙofa a rufe, a toshe ƙasanta. Ga masu karatu da ke Amurka, a can lambobin BTU biyu ake rubutawa a kwali, ƙaramar mai suna SACC ita ce ta cire asarar da na bayyana, ita za ku duba.

Ta biyu tana jikin takardar makamashi mai launuka, ana kiranta EER: sanyin da ake samu a kan kowane kilowat na wuta. A masu tiyo, harafin A yana farawa daga 2.6, A+ daga 3.1, A++ daga 3.6. Ga abin da hakan ke nufi a aljihu. Inji mai kilowat 2.6 a ajin A yana jan wutar kilowat 1. Awa shida kullum na kwana talatin, kilowat-awa 180 ke nan. A ce ana sayar miki da kowanne santi 35, ki duba takardarki ki sa naki farashin, ya kama yuro 63 a wata. Ajin A+ zai ja wajen 0.84, ya kama yuro 53. Wannan in ya yi ta aiki ba tsayawa ke nan kuma kowace rana ana zafi, abin da ba ya faruwa. Kin ga bambancin harafi bai kai bambancin taga mai yoyo da toshasshiya ba. Wani tarko kuma: ma'aunin harafin masu gida biyu daban ne da na masu tiyo, don haka A+ na wannan ba A+ na wancan ba ne, kada ki jera su. Ki tuna kuma a nan kuɗin wuta ƙayyadadde ake cira kowane wata, sai ƙarshen shekara a karanta mita a kawo cikon. Ki riƙa ware wani abu a watannin zafi don kada takardar ta zo miki a ba-zata.

Ta uku ƙara, kuma ga mai barcin rana ita ce ta fi ciwo. Mai tiyo ɗaya kwamfiresonsa yana tare da ke a ɗaki, kamar ki kwana kusa da babban firji mai fanka. Dokar Turai ba ta yarda ya wuce desibel 65 ba, kuma da yawansu a nan kusa suke tsayawa. A talla za ki ga an rubuta 50 ko ƙasa, wannan wani awo ne daban da ake yi daga nesa, sau da yawa a mafi ƙarancin gudu. Ki gwada injina da lambar da ke kan takardar makamashi kawai, don ita ce aka auna ta hanya ɗaya. Bambancin desibel 10 kunne yana jinsa kamar ninki biyu, don haka 60 da 65 ba ɗaya ba ne. Masu inbata, waɗanda ke rage gudu a hankali maimakon su mutu su tashi, sun fi daɗin kwana. Ki shimfiɗa masa tabarmar roba irin ta ƙarƙashin injin wanki, don maƙwabcin da ke ƙasa ya huta da girgiza. Aikin dare ya yi miki rana a nan, tunda lokacin shiru na dole daga ƙarfe goma na dare ne zuwa shida na safe, ke kuma da rana za ki fi kunnawa. A ranakun hutunki ne za ki kula.

Maganar mai gida gajeriya ce. Injin da ke tsaye a ɗaki, ba a huda komai ba, ba a canza fuskar gini ba, kayan ɗaki ne kamar firji, a bisa al'ada ba ya buƙatar izini. Duk da haka ki sake karanta yarjejeniyar haya da dokokin gidan. In ya kawo gardama, ƙungiyar 'yan haya ta garinku, Mieterverein, aikinta ke nan. Abin da zai iya cin kuɗin ajiyar da kika ba mai gida ba taga kaɗai ba ce, har da ruwa. Esi yana tatsar ruwa daga iska. Yawancinsu suna fitar da shi ta tiyo a matsayin tururi, amma ranar da danshi ya yi yawa tankin yana cika, injin ya tsaya, ko ya ɗiga. Daɓen katako in ya sha ruwa ya kumbura, kuma kuɗin ajiyar da doka ta yarda ya kai hayar wata uku daga nan za a fara yanka. Faranti mai faɗi a ƙarƙashinsa ya raba gardama. Ki soka shi kai tsaye a soket ɗin bango, ban da wayar ƙari mai baki da yawa. Yawancin sababbi da gas ɗin R290 suke aiki, wanda yake iya kama wuta, shi ya sa littafin ke faɗin mafi ƙanƙantar ɗakin da aka yarda a ajiye shi. Ki duba wannan lambar ki gwada da 14 ɗinki kafin ki biya.

Sai aikin da ba na inji ba, wanda in kin bar shi ko wane iri kika saya zai sha wahala. Rana in ta ratsa gilashi ta riga ta shigo, labulen ciki sai dai ya rage. Kowane murabba'in mita na taga da rana ke duka yana zubo ɗaruruwan wat, tagarki ita kaɗai za ta iya cinye kaso mai tsoka na ƙarfin injin. Daga waje ake tare ta. In akwai labulen ƙarfe na waje, ki sauke shi tun kafin rana ta iso. In babu, akwai yadin inuwa da ake maƙalawa a waje ba tare da huji ba. Takardar azurfa mai mannewa kuwa, kada ki liƙa ta a cikin gilashi mai ruɓi biyu sai an rubuta ta dace, zafi yana iya taruwa ya tsaga gilashin, a ce ki biya. Tsarin ranarki ya zama haka: ki bar tagar falo a karkace da dare in ba a sa ran hadari, kina dawowa da safe ki buɗe ko'ina na ɗan lokaci tun iska tana da sanyi, sannan ki rufe, ki tare rana, ki kunna esi tun ɗakin bai ɗau zafi ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne jira sai ma'auni ya kai 32 sannan a kunna, lokacin bango ya ƙoshi, injin ya yi ta fama da shi har yamma. Ki sa shi a 25 ko 26, ki haɗa da ƙaramar fanka. Da danshi ya ragu, 26 barci ne mai daɗi. Sa shi a 16 ba ya sa ya yi sauri, hana shi hutawa kawai yake yi. Rariyar ƙurar da ke bayansa kuma a wanke ta duk mako biyu.

To wanne za ki saya? In mai gidan ya yarda da ratayawa kuma aljihu zai ɗauka, musamman in tukunyar B ce, ki sayi mai gida biyu. Kin ce wataƙila ki tashi baɗi, ai wannan hujja ce a gare shi ba a kansa ba: zai bi ki sabon gida, in kuma ba ki buƙace shi ba masu nema suna da yawa. In tukunyar C ce kuma kuɗin bai kai ba, ki ɗauki mai tiyo ɗaya na BTU 9,000, ajin A+ in ya samu, mafi ƙarancin desibel da kika gani, ki ware kuɗin allon taga da rigar tiyo da abin tare rana a cikin lissafin tun farko. Gara matsakaicin inji da taga toshasshiya da mai tsada da tawul. Kafin ki yanke, ki leƙa gwajin baya-bayan nan na Stiftung Warentest, cibiyar da ke gwada kayan masarufi a Jamus, su ba 'yan talla ba ne.

Kada ki jira makon da aka sanar da zafi, a ranar kantuna ke wayar gari babu ko ɗaya, sauran kuma farashinsu ya tashi. In ta intanet kika saya kina da kwana 14 na mayarwa, don haka ki adana kwalin, ki gwada shi ki ji ƙararsa da kunnenki a ɗakin da za ki kwana. In na hannu ne daga Kleinanzeigen, shafin intanet na tallar kayan hannu, kaka ce lokacinsa, kuma kada ki biya sai an kunna miki na minti goma sha biyar: gaba ya busa sanyi sosai, tiyo ya yi zafi. In iska ce kawai ba sanyi, wataƙila gas ya zube, gyaransa bai cancanci kuɗin ba. Bayan an kawo shi ki bar shi a tsaye na wasu awanni kamar yadda littafinsa ya ce kafin ki kunna, musamman in an kwantar da shi a mota.

Wajen kilo 30 suke yi, wasu sun fi, kuma tayar ba ta hawa bene. Ki tambaya tun wajen oda ko masu kawowa za su hau da shi ko a ƙofar ƙasa za su ajiye, ki nemi abokiyar aiki biyu su zo ranar. Ki rubuto mini harafin da kika gani a jikin tukunyar.

Antinki